Manhajar kyauta ce, amma tana da wa'adi: labarin rumbun alƙaluman asibitocin Salaga, Yendi da Bawku

Duk jaririn da aka yi wa allurar rigakafi a Salaga, da mai juna biyun da ta je awo a Yendi, da yaron da gwaji ya nuna yana da zazzaɓin cizon sauro a Bawku, ƙarshenta sai sun zama lambobi a cikin manhaja guda ɗaya. Sunanta DHIMS2, kuma Hukumar Kula da Lafiya ta Ghana ke amfani da ita tun shekarar 2012 wajen tattara rahotannin asibitoci da ƙananan ɗakunan shan magani na faɗin ƙasar. Da waɗannan lambobi ake ƙiyasta maganin da za a aika wa gunduma, da gidan sauron da za a raba, da wurin da cuta ta fara ɗaga kai.

Ghana ba ta biyan kuɗin lasisin wannan manhaja. An gina ta ne a kan DHIS2, buɗaɗɗiyar manhaja wadda kowa ke da iznin ɗauka, ya duba cikinta, ya gyara ta yadda ta dace da buƙatarsa. To amma kyautar tana tafe da wani sharaɗi da ba kasafai ake maganarsa a wajen ofisoshin masana kwamfuta ba: masu rubuta ta suna fitar da sabuwar siga a kan lokaci, kuma tsohuwar siga tana da ranar da za su daina kula da ita. Wannan jadawali, da aka tsara a Oslo ta ƙasar Norwe, yana da tasiri har a kan teburin nas da ke ƙauye a gabashin Gonja.

Daga Oslo zuwa ofishin lafiya na gunduma

Asalin manhajar daga Afirka ta Kudu yake. A shekarun 1990, bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata, masana daga Jami'ar Oslo da takwarorinsu na Cape Town suka fara wani shiri mai suna HISP domin gundumomi su riƙa tattara bayanan lafiyarsu da kansu. Siga ta biyu, wato DHIS2, an fara aiki da ita a jihar Kerala ta Indiya a 2006. Kenya ta mayar da ita manhajar ƙasa baki ɗaya a 2011, Ghana ta biyo baya a 2012. Yau ƙasashe sama da 70 ne ke amfani da ita, har da Najeriya.

Kafin 2012, kowane ofishin lafiya na gunduma yana da tasa manhajar a kan kwamfutarsa, sai a kwafi fayil a aika wa yanki, yanki ya aika Accra. Yanzu kuwa rumbun ɗaya ne. Akwai babbar na'ura mai riƙe da komai, wadda masana ke kira uwar garke, kuma jami'in bayanai a Yendi ko Bawku yana shiga ne ta intanet, ya zuba alƙaluman wata, nan take na Tamale da na Bolgatanga da na Accra su gani.

Wannan tsari yana da daɗi, yana kuma da haɗari. Daɗinsa shi ne idan za a sabunta manhajar, sau ɗaya za a yi a tsakiya, ba sai an bi gundumomi 261 ɗaya bayan ɗaya ba. Haɗarinsa kuma, idan sabuntawar ta zo da matsala, kowa da kowa zai wayi gari da ita a rana ɗaya. Idan kuma aka ƙi sabuntawa saboda tsoron matsalar, ƙasar baki ɗaya ce ke zaune a kan tsohuwar siga.

Dokar uku na ƙarshe

Ƙa'idar masu DHIS2 gajeriya ce: manyan sigogi uku na baya-bayan nan kawai suke kula da su. Kulawa a nan tana nufin idan an gano kuskure a lissafi, ko wata kafa da masu kutse za su iya bi, za a fitar da ƙaramin gyara, wanda ake kira faci, kamar dai facin taya. Da sabuwar siga ta fito, wadda ta fi tsufa a cikin ukun sai ta fita daga layi. Ba a kashe ta ba, tana nan tana aiki, sai dai babu mai yi mata faci kuma.

Abin lura shi ne tsawon wa'adin ya dogara ne da saurin fitar sigogin. A shekarun baya ana fitar da babbar siga sau biyu a shekara, kafin nan ma fiye da haka. Ka ga uku na ƙarshe a lokacin bai wuce kimanin wata 18 ba kenan. Ma'aikatar lafiyar da ta ɗauki wata shida tana gwaji, ta ƙara wasu watanni tana jiran a saki kuɗin horas da ma'aikata, kafin ta gama zama a kan siga ɗaya an kusa sallamar sigar.

Daga siga ta 40, wadda ta fito a watan Mayun 2023, aka koma fitarwa sau ɗaya a shekara. Ta 41 ta zo a 2024, ta 42 a 2025. Dokar uku na ƙarshe tana nan yadda take, amma yanzu tana nufin kusan shekara uku. Da 42 ta fito sai 2.39 ta fita daga kulawa, kuma fitowar 43 ita ce sallamar 40. Ƙananan manhajojin da ke hawa a kan babbar, kamar na zana jadawali da taswira, an raba da yawansu da wannan zagaye, ana iya sabunta su daban ba tare da an taɓa uwar ba.

Mutanen Salaga ba baƙin irin wannan lissafi ba ne. A zamanin fataucin goro, ayarin da ke tasowa daga ƙasar Hausa zuwa Gonja yana da lokacin tashi da lokacin juyawa, kuma madugu yana iya jiran wanda ya makara a zango ɗaya ko biyu, amma ba ya tsayar da ayari dominsa har damina ta faɗi. Wanda aka bari a baya ba a hana shi tafiya ba. Shi kaɗai dai zai bi dajin.

Kowane ɓangare da nasa wa'adin

DHIS2 ba ita kaɗai take tsaye ba. A ƙarƙashinta akwai wasu buɗaɗɗun manhajoji, kowace da nata jadawalin.

Rumbun da ke adana alƙaluman sunansa PostgreSQL. Masu shi suna fitar da babbar siga sau ɗaya a shekara, kuma suna kula da kowace na tsawon shekara biyar. Siga ta 12 ta gama wa'adinta a Nuwamban 2024, ta 13 a Nuwamban 2025.

Yawancin irin waɗannan na'urori suna tafiya ne a kan Linux, kuma Ubuntu na cikin waɗanda aka fi ɗorawa. Ubuntu tana fitowa sau biyu a shekara, Afrilu da Oktoba, kuma lambarta ma kwanan wata ce: 24.04 na nufin Afrilun 2024. Sigogin tsakani wata tara kawai ake kula da su. Amma duk bayan shekara biyu, a Afrilun shekarar da ta rabu biyu daidai, ana fitar da siga mai dogon zango wadda ake kula da ita shekara biyar kyauta. Ta 20.04 ta kammala shekarunta biyar a 2025, ta 22.04 za ta kai 2027.

Sai kuma Java, harshen da aka rubuta DHIS2 da shi. Siga ta 41 ta DHIS2 tana buƙatar Java 17, saboda haka wanda na'urarsa ke kan tsohuwar Java sai ya fara gyara wannan kafin ya taɓa manhajar lafiyar. Abin da wannan ke nufi ga ƙaramar tawagar masana da ke riƙe da rumbun ƙasa shi ne kalanda huɗu ko biyar suke kallo lokaci guda, kuma da wuya wa'adodin su faɗo a wata ɗaya.

Idan wa'adi ya wuce fa?

Ranar da wa'adi ya cika, babu abin da ke fashewa. Jami'in bayanai zai buɗe kwamfuta ya ga komai yadda ya bar shi jiya. Wannan shirun ne ke yaudarar masu riƙe da kasafin kuɗi, domin abin da bai lalace ba da wuya a ware masa sidi.

Matsalar tana zuwa ne ranar da aka gano kafa. A buɗaɗɗiyar manhaja, idan aka yi faci, kowa na iya ganin abin da aka gyara, har da ɓarayin intanet. Facin da ya kare mai sabuwar siga shi ne kuma ke nuna wa mai kutse inda ƙofar mai tsohuwar siga take a buɗe. A Disamban 2021 an gano babbar kafa a wani ƙaramin ɓangare na Java mai suna Log4j, wanda ke cikin dubban manhajoji a duniya, kuma cikin 'yan kwanaki masu kutse suka bazama neman na'urorin da ba a yi wa gyara ba.

Ɓangaren lafiya ya taɓa ɗanɗana kuɗarsa. A Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a asibitocin gwamnati na Ingila, aka soke ganin likita kimanin 19,000. Kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da facin wannan kafa tun watan Maris, wata biyu kafin harin. Ba a ɗora shi ba ne kawai. Windows ba buɗaɗɗiyar manhaja ba ce, amma darasin ɗaya ne.

A da, abin da ke cikin DHIMS2 jimilla ce: yara nawa, haihuwa nawa. Yanzu akwai ɓangaren da ake kira e-Tracker, wanda ke bin mutum ɗaya-ɗaya, kamar mai juna biyu daga awon farko zuwa haihuwa, ko mai shan maganin tarin fuka. A nan akwai suna, da gari, da irin cutar. A unguwannin zango, inda kowa ya san gidan kowa, fitar irin wannan bayani na iya kashe aure ko ya hana mutum komawa asibiti karɓar magani. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Ghana ta 2012, wato Doka ta 843, ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su. Da wuya a ce an sauke wannan alhaki a kan manhajar da aka daina yi wa faci.

Inda nauyin ke sauka

A Accra ake danna maɓallin sabuntawa, amma a arewa ake jin nauyinsa, ta hanyoyi uku.

Na farko na'urori. Ƙananan ɗakunan lafiya na CHPS, tsarin da ya samo asali daga gwajin da aka yi a Navrongo a shekarun 1990, suna cikin ƙauyukan da sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Domin irinsu aka yi manhajar DHIS2 ta Android, wadda ke karɓar bayanai ko babu intanet, ta aika daga baya idan an samu sabis. To ita ma wannan manhaja tana da sigoginta, kuma dole ta yi daidai da ta uwar garke a sama, ta yi daidai da Android ɗin da ke kan na'urar a ƙasa. Tabulet ɗin da wani shirin tallafi ya raba shekaru da suka wuce, wanda kamfaninsa ya daina aiko masa da sabuntawa, wata rana sabuwar manhajar za ta ƙi hawa kansa. Ranar nan nas ta koma rajistar takarda, ko ta ɗauki wayarta ta kanta da datar da ta saya da albashinta.

Akwai kuma bayanan da ke kwance a cikin tabulet ba su riga sun tafi ba. Idan aka sabunta uwar garke ba tare da an ba kowa isasshen lokaci ya aika nasa ba, aikin makonni na iya maƙalewa. Saƙon da aka tura ranar Alhamis cewa a aika komai kafin Asabar yana isa ga mai ofis a Tamale, amma ba lalle ya isa ga wadda sai ta hau babur zuwa bakin titi take samun sabis ba. Kwamfutocin ofis ma suna da nasu: Microsoft ta daina kula da Windows 10 kyauta a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa ba za su iya ɗaukar Windows 11 ba.

Na biyu horo. Sabuwar siga takan canza fuskar shafin da ake zuba alƙaluma, ta matsar da maɓalli, ta yi ritayar wata tsohuwar manhaja ta kawo sabuwa. Ga wanda ya saba, abin kwana ɗaya ne. Ga ma'aikacin da shi ne mai allura, shi ne mai awo, shi ne kuma mai rahoto, canji ba tare da horo ba yana nufin kuskure a lambobi ko rahoto a makare. Horo kuma tafiya ce. Yendi na da nisan kusan kilomita 100 daga Tamale. Salaga, tun da aka ƙirƙiro sababbin yankuna shida a 2019, ta koma ƙarƙashin Yankin Savannah mai hedikwata a Damongo, can yamma. Bawku kuwa, rikicin da ya daɗe yana addabar garin da dokar hana fita da ake yawan sanyawa sun sa tara ma'aikata wuri ɗaya, ko kawo masani daga Bolgatanga, ya zama abin da sai an yi masa shiri na musamman.

Na uku gyare-gyaren gida. Kowace ƙasa tana ƙara nata fom, da nata lissafi, da hanyoyin da manhajar ke magana da wasu manhajoji. Duk abin da aka ƙara da hannu sai an sake gwada shi a kan sabuwar siga. Ƙasar da ta yi tsalle daga siga mai shekara huɗu zuwa ta bana tana gwada canjin shekara huɗu ne a lokaci ɗaya. Shi ya sa jinkiri ba ya rage kuɗin sabuntawa, tara shi yake yi.

Wane wata ya dace?

Oslo na fitarwa a wajen watan Mayu, amma kalandar cuta a arewacin Ghana ba ta san da wannan ba. Daga tsakiyar hunturu zuwa zafin bazara lokacin sanƙarau ne, kuma yankin na cikin zirin Afirka da cutar ke yawan ɓulla. A watannin nan rahoton mako-mako shi ne ke nuna ko wata gunduma ta haye mizanin annoba, saboda haka ba lokacin rufe rumbu ba ne, ko na kwana biyu. Da damina ta kankama kuma sai zazzaɓin cizon sauro ya hau, ana bi gida-gida ana ba ƙananan yara maganin kariya wata-wata. Farkon kowane wata na rahoton watan da ya gabata ne, farkon shekara kuma na bitar shekarar da ta wuce.

Idan aka cire duk waɗannan, tagogin da suka rage ƙanana ne. A nan ne komawa fitarwa sau ɗaya a shekara ta yi wa ƙasashe irin Ghana rana. Ba dole ba ne a ɗauki siga ranar da ta fito. Masu hankali kan jira faci na farko ko na biyu, su ɗora sabuwar a kan na'urar gwaji mai kwafin bayanan gaske, su sa jami'an gunduma kaɗan su yi aiki da ita, sannan su zaɓi ƙarshen mako a watan da asibitoci ke da sauƙi. Shekara uku ta isa a yi duk wannan a natse, muddin an fara da wuri. Amma fa shekara ukun daga ranar da sigar ta fito ake ƙirga ta. Wanda ya ɗora ta bayan shekara ɗaya da rabi, rabin wa'adin kawai ya rage masa.

Kuɗin wa?

Rubuta DHIS2 da kula da ita yana tafiya ne da tallafin hukumomi irin su Norad ta Norwe, da Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, da Gavi, da UNICEF. Akwai kuma cibiyoyin HISP a Afirka da ke taimaka wa ma'aikatun lafiya, ciki har da ta yammaci da tsakiyar Afirka da ke Lome, nan maƙwabta. Amma albashin masanan da ke riƙe da uwar garke, da sayen sababbin tabulet, da data, da horo, nauyin ƙasa ne, ko na mai tallafin da ya yarda ya ɗauka.

Masu tallafi sun fi son ƙaddamar da sabon abu, wanda ake yanka ƙyalle a ɗauki hoto. Sabunta siga ba ta da hoto. Kuma abin da ya faru a farkon 2025, lokacin da gwamnatin Amurka ta dakatar da mafi yawan ayyukan USAID, ya nuna cewa kuɗin waje na iya tsayawa dare ɗaya, alhali jadawalin sigogi bai tsaya ba.

Duk da haka buɗaɗɗiyar manhaja tana da wata fa'ida da ya kamata a faɗa. Wa'adinta a rubuce yake a fili, shekaru kafin ya cika, kowa na iya karantawa. Babu kamfanin da zai riƙe makullin bayanan ya ce sai an sabunta kwangila. Ko an daina kula da siga, bayanan suna hannun ƙasa, kuma hanyar hawa sabuwar a buɗe take ba tare da biyan lasisi ba. Abin da ake nema kawai shi ne a sa ranar a kalanda, a sa kuɗinta a kasafi.

Abin da mai karatu zai iya tambaya

Ba sai mutum ya iya kwamfuta ba kafin ya sa baki. Ɗan majalisar gunduma, ko mamba a kwamitin lafiya na unguwa, ko shugaban matasan zango da ke halartar taron bitar ayyukan lafiya na shekara, yana iya yin tambayoyi huɗu masu sauƙi.

Sigar da ƙasa ke kai yanzu tana cikin ukun da ake kula da su, kuma yaushe za ta fita? Tabulet nawa ne a gundumarmu suka tsufa har ba sa karɓar sabuntawa, kuma wa zai maye gurbinsu? Kafin a sabunta, kwana nawa ake ba ɗakunan CHPS na nesa su aika bayanansu? Sannan a cikin waɗanda ke gwada sabuwar siga kafin a sake ta ga kowa, akwai jami'i ko ɗaya daga wurin da wuta da sabis ke yawan ɗaukewa?

Tambaya ta ƙarshen ita ce ta fi shafar Salaga da Yendi da Bawku. Manhajar da ta yi aiki lafiya a ofis mai intanet mai ƙarfi a Accra ba a gama gwada ta ba sai ta yi aiki a kan tsohon tabulet, da sandar sabis ɗaya, a hannun nas mai layin mata talatin a gabanta. Lokacin da ya fi dacewa a yi waɗannan tambayoyi shi ne taron bita na farkon shekara, tun kafin watan Mayu ya zo da sabuwar siga ya tura wata tsohuwa waje.